Aikin keke a kan bargon ƙyallaye: tambayoyin da ake yawan yi mini a shago

Tun da na fara rataye bargunan ƙyallaye a ƙofar shagona a Agege, Legas, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu daga 'yan matan da nake koya wa ɗinki, wasu daga matan unguwa, wasu kuma daga teloli maza masu aikin manyan riguna. Na tara waɗanda aka fi maimaitawa a nan. Ga wadda ba ta taɓa gani ba, bargon ƙyallaye shi ne wanda ake yanka guntayen yadi a jona su su zama fuska, a sa abu mai laushi a tsakiya, a shimfiɗa wani yadin a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki don su zama abu ɗaya.

Anti, ba aikin da ake yi wa babbar riga ba ne za a mayar kan bargo?

A'a, kuma a nan yawancinmu muke fara kuskure, domin idonmu ya saba da aikin riga. Aska biyu, aska takwas, tambarin da ake yi a ƙirji da baya, duk an yi su ne don su tsaya ƙyam a jikin mai riga, a hango su daga nesa ranar Juma'a ko ranar Sallah. Cikar zaren da taurinsa su ne kyansa. Bargo kuwa da jiki yake hulɗa. Za a lulluɓa da shi, a naɗe shi, jariri ya tauna gefensa, a wanke shi sau ba adadi. Idan kika cika masa zare kamar wuyan riga, wurin zai zama kamar faifai a tsakiyar laushi, ya ƙi lanƙwasa, kuma bayan wanki yadin da ke kewaye da shi ya tattare.

Wani tela maƙwabcina, gwani ne na gaske a aikin riga, ya taɓa yi mini ƙyallaye goma sha biyu da cikakken aiki irin nasa. Kowanne abin kallo ne. Da na haɗa su sai bargon ya ƙi kwanciya a kan gado, dole na mayar da shi abin rataye a bango. Tun daga ranar nake cewa duk wanda zai yi wa bargo aiki ya zana da zare, kada ya yi fenti da shi: layi siriri, fili a buɗe, yadi yana numfashi.

Kekena baƙin Butterfly ne, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Sai na sayi wani?

Ba sai kin saya ba. Sirrin yana cikin haƙoran nan da ke ƙarƙashin allura, masu jan yadi gaba. Idan kika saukar da su, keke ya daina jan yadin, ke ce za ki riƙa juya shi duk inda kike so, allura tana sauka tana tashi a wuri ɗaya. Baƙaƙen kekuna da dama suna da ɗan maɓalli a kan faranti na saukar da haƙoran. In naki ba shi da shi, mayar da tsawon ɗinki zuwa 0, ki rufe haƙoran da ɗan siririn kati mai huda inda allura za ta wuce.

Ki ɗaure yadin a cikin zoben katako ya yi tauri kamar fatar kalangu, ki kwantar da shi yadda yadin zai taɓa farantin keke. Ki cire ƙafar keke ko ki sa ƙaramar ƙafa mai ido, amma kada ki manta ki sauke sandar ƙafar ko da babu ƙafa a jiki, domin sauke ta ne ke kama zaren sama. Wadda ta manta za ta tarar da zare ya dunƙule a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Ƙafarki ta taka keke da sauri, hannu ya bi a hankali. Makon farko layinki zai yi rawa, kowa ma haka ya fara. Ki kula da yatsunki, babu abin da ya raba su da allura.

To 20U fa, da keken da ake murza hannu a ƙarƙashin tebur?

20U keken zigizag ne, asalin lambar ta Singer ce, ko da yake yanzu kamfanoni da dama suna ƙera irinsa. Abin da na fi so a jikinsa shi ne ana iya saita shi mai aiki ya riƙa ƙara faɗin ɗinki ko rage shi da gwiwa, hannayensa biyu suna kan zobe. Da haka ganye yake fita siriri a tushe, ya buɗe a tsakiya, ya sake tsukewa. Ga bargo, ina roƙon masu 20U su tsaya a faɗin milimita 3 zuwa 4. Zaren da ya yi dogon tsalle farce da awarwaro suna kama shi su ja.

Na murzawar shi ne Cornely, ɗan asalin Faransa, mai ɗinkin sarƙa. Aikinsa yana da laushi ƙwarai, ya dace da bargo fiye da yadda mutane suke zato. Aibinsa ɗaya: ɗinkin sarƙa in ba a kulle ƙarshensa ba, ja ɗaya ya warware duka. Ki juya kowane ƙyalle ki ɗaure bakin zaren kafin ki haɗa.

Nawa na lantarki ne na gida, akwai hotunan ɗinki iri-iri a jikinsa da ban taɓa taɓawa ba. Suna da amfani?

Su ne ma na fi amfani da su. Mata da yawa sun sayi Brother ko Janome ko Singer mai ɗinki iri ashirin ko talatin, amma biyu kawai suke sha wahala, miƙaƙƙe da zigizag. Ki samu farin ƙyalle ninki biyu, ki ɗinka kowane iri layi ɗaya, ki rubuta lambarsa a gefe da biro, ki rataye kusa da keke. Hoton jikin keke ba ya nuna gaskiyar yadda ɗinkin yake fita.

Daga nan sai haɗawa. Layin ganye a tsakiya, miƙaƙƙen layi a kowane gefe, sai ya zama kamar kin ɗora ribin. Ko ki bi kan mahaɗar ƙyalle biyu da ɗinkin ƙashin kifi, ya yi ado kuma ya ƙara wa mahaɗar ƙarfi. In kika matse zigizag tsawonsa ya koma wajen milimita 0.4, zai cike ya zama santsi. Da shi ake kewaye bakin ƙyallen da aka yanka aka ɗora a kan wani, kamar maho na ado.

Mai kwamfuta fa, shi kaɗai yake yin komai?

Yana yin abin da aka ba shi. Ƙananan na gida zobensu inci 4 da 4 ne, na gaba inci 5 da 7, kuma zane ba zai wuce girman zoben ba. Ba a tura masa hoto daga waya haka kawai. Sai an mayar da hoton ya zama umarnin ɗinki, allura ta san inda za ta faɗa, kuma kowane kamfani da irin fayil ɗinsa: Brother yana karɓar PES, Janome JEF, manyan injinan masu aikin monogiram, wato masu ɗinka suna da tambari a riguna, kuma galibi DST na kamfanin Tajima. Ki tabbatar da wannan kafin ki biya kuɗin zane.

Keken yana nuna adadin sukar allura kafin ya fara. Ni dai ƙa'idata, zanen inci 4 da ya haura suka 8,000 ba na sa shi a bargon da za a lulluɓa. In ba ki da keken, ki kai ƙyallayenki wurin masu monogiram, amma ki faɗa musu na bargo ne, layi kike so ba cikawa ba. In ba ki faɗa ba za su yi miki irin na tambarin rigar makaranta.

Yaushe ake yin aikin, kafin a jona ko bayan an jona?

Kafin. Ƙyalle ɗaya ya fi sauƙin juyawa a ƙarƙashin allura, kuma in ya lalace shi kaɗai kika yi asara. Ki yanka shi ya fi yadda kike so girma, domin aiki yana janye yadi. In murabba'in inci 6 da rabi kike nema, yanka inci 9, ki yi aikin, ki goge, sannan ki daidaita shi zuwa 6 da rabi zanen yana tsakiya.

Me ya sa yadina yake tattarewa a kewayen aikin?

Wannan tambayar ta fi kowace zuwa. Dalili uku ne, kuma kusan kullum ɗayansu ne.

Na farko, babu abin da ya goya yadin a baya. Yadi shi kaɗai ba zai iya jure dubban sukar allura ba. Akwai takardar goyo iri uku: wadda ake yagewa bayan an gama, wadda ake yankewa da almakashi a bar sauran a ciki, da wadda take narkewa a ruwa. Ga atamfa da yadin auduga mai aiki mara nauyi, ta yagewa ta isa. Farar takardar nan mai gam da muke mannawa a wuyan riga ita ma tana yi, amma mafi siririyarta, domin ita ba ta fita, a cikin bargon za ta zauna. Jarida kada ki sa, tawadarta tana ɓata yadi mai haske.

Na biyu, an ja yadin fiye da kima lokacin sa shi a zobe. Tauri ake so, ba miƙewa ba. In kika miƙe shi, da zarar kin cire zobe zai koma yadda yake, zaren kuma ba zai koma ba.

Na uku, zaren sama ya ɗaure da yawa. Ki sassauta shi kaɗan. Alamar daidai ita ce in kika juya bayan aikin ki ga zaren sama ya leƙo ta gefe biyu, na ƙasa yana tsakiya. In zaren ƙasa ne yake fitowa a fuska, sassautawar ba ta isa ba. Feshin sitaci da guga kafin a fara ma suna taimakawa sosai.

Wane zare, wace allura?

Zaren aiki mai lamba 40 shi ne na yau da kullum. Iri biyu ne a kasuwa, rayon da poliyesta. Rayon ya fi sheƙi, amma ba ya jure bilic da yawan wanki. Bargo abin wanki ne, don haka poliyesta nake ɗauka. A ƙasa ki sa siririn zare mai lamba 60, bayan aikin ba zai yi kauri ba. Allura 75/11 ga yadi mara kauri, 90/14 idan kin zo bin bargon mai ninki uku. Ki canza ta bayan kamar awa takwas na aiki. Allurar da ta dakushe tana tsinke zare tana tsallake ɗinki, mutum ya yi ta zargin keke.

Zaren zinare da na azurfa suna ƙaiƙayi a fata. A bargon jariri ba na yarda da su ko an roƙe ni.

Kowane yadi ana iya haɗawa?

Masu nauyi ɗaya ake haɗawa. Atamfa da atamfa, atamfa da yadin auduga, ko ragowar shadda da aka wanke ta yi laushi. Leshi da yadi mai miƙewa ki ajiye su gefe. Asoke na Yarabawa kyakkyawa ne amma ya yi kauri, sai dai a bakin bargo.

Kuma ki wanke komai kafin ki yanka, kowane launi daban. Auduga tana shiga ruwa, wata atamfar tana zuba. Rinin shuɗi, ko adiren Abeokuta ne ko na Ƙofar Mata a Kano, sai an ɗauraye shi sau da yawa har ruwan ya fito fes kafin ya kusanci farin ƙyalle. Na taɓa ganin bargon suna da aka yi wa farin aiki mai kyau, wanki ɗaya ya koma ruwan toka saboda jan ƙyalle da shuɗi da ba a jiƙa ba. Uwar jaririn ta yi kuka, kuma ban ga laifinta ba.

Ina ake samun ƙyallayen?

Fara daga ƙarƙashin teburinki. Shagunan teloli a Agege, Idi-Araba da Obalende suna cika buhu da guntaye, musamman gabanin Sallah, yawanci bola ake kaiwa. Ki yi magana da biyu ko uku su riƙa ajiye miki. Yadi mara zane na yin aiki da na baya kuma sai Balogun, ko Oshodi, ko Tejuosho a Yaba. A Katangowa ana samun zannuwan gado na gwanjo na auduga zalla, sun riga sun sha wanki, ba za su sake tsukewa ba. Sun dace da bayan bargo.

Atamfa ai ta riga ta cika da zane. Ina aikin zai zauna?

Ba a kanta ba. Aiki a kan atamfa ɓacewa yake yi, kin ɓata zare kin ɓata lokaci. Ki jera kamar gidan dara, ƙyallen atamfa, ƙyalle mara zane, atamfa, mara zane. A marasa zanen za ki yi aikin, ba ma dukansu ba. Dabarar da nake so ita ce in ɗauki fure ɗaya daga cikin atamfar, in kwafe shi da alli a kan ƙyallen da ke kusa, in bi layinsa da zare mai launin furen. Sai ka ga kamar furen ya tsallako gida na gaba.

Wane zane ya dace? Ana iya rubuta suna ko addu'a?

Dagin Arewa yana fita da kyau ko da layi biyu ne kawai. Haka zanen lalle, da tsarin da ake yi a jikin hular zanna, da zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano. Muna da su da yawa, ba sai mun je neman na wasu ba. Masu saye da dama ba sa son hoton abu mai rai, don haka nakan tambaya tun farko.

Sunan jariri da ranar haihuwa ina rubutawa a kusurwa. Aya ko sunan Allah kuwa ba na sawa a bargo. Abu ne da za a zauna a kai, yaro ya yi fitsari a kai, a jefa cikin kayan wanki. Ko sunan yaron ne ya zama irin su Abdullahi ko Abdurrahman, nakan ba iyaye shawarar a sa harafin farko ko sunan da ake kiransa da shi a gida.

Hajiya, a zafin Legas wa zai lulluɓa da bargo?

Mai kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, da jariri a sanyin damina na watan Yuli da Agusta, da amaryar da ke son gadonta ya yi kyau. Wasu kuma aikawa suke yi gida Jos ko Kano saboda hunturu. Abin da ya kamata ki daidaita shi ne cikin. Na Legas siriri nake yi, wani lokaci tsohon zanin gado ɗaya kawai ko yadi mai ɗan gashi-gashi. Soso kada ki sa. Yana riƙe ruwa, a laimar garin nan kafin ya bushe ya fara wari, kuma da daɗewa yana marmashewa.

Ɗinkin da zai haɗa ninki ukun, shi ma ana iya yin sa da ado?

Ana iya, da sharaɗin ya zama buɗaɗɗe, irin layin igiyar ruwa ko zigizag mai tafiya taki uku. Ki shimfiɗa ukun a ƙasa, ki kama su da fil mai kulle kowane tafin hannu, ki fara daga tsakiya ki nufi baki. Tsawon ɗinki ya kai milimita 3. Akwai ƙafa mai nata haƙoran da ke jan ninkin sama daidai da na ƙasa, in kin same ta ta cancanci kuɗinta. Ki kewaye aikin da kika yi a ƙyalle, kada ki ratsa ta kansa, sai ya ɗan taso ya fito. A wannan matakin ba a buƙatar takardar goyo, cikin bargon ya wadatar. Ki tuna zaren ƙasa zai bayyana a baya, ki zaɓi launinsa da gangan.

In aka ɗauke wuta keke yana tsakiyar zane fa?

Kada ki cire yadin daga zobe. Yawancin masu kwamfuta suna barin a matsa gaba ko baya da lambar suka, wasu ma suna tuna inda suka tsaya. Ki koma baya kamar suka goma ki ci gaba. Abin da ya fi ɗaukewar haɗari shi ne dawowar wuta da ƙarfi, ko ƙaramin janareta mai hawa da sauka, su ne ke ƙona allon cikin keke. Ki sa masa sitabilaiza. In kuma 'yar'uwa ce ta aiko miki da keke daga Amurka, duba rubutun bayansa kafin ki jona. Wutar can 120 ce, tamu 230. In ba a rubuta yana ɗaukar duka biyun ba, sai da tiransfoma mai rage wuta.

Kekena yana tsatsa ko da ina rufe shi.

Laima ce, kuma rufin leda ƙara ta yake yi. Rufe shi da yadi, ki share burbushin zare daga gidan zaren ƙasa bayan kowane aiki, ki ɗiga man keke inda littafinsa ya nuna. Bayan sa mai ki fara ɗinka tsumma, kada ɗigon farko ya sauka a farin ƙyalle.

Nawa zan ce wa mai saye?

Farashin yadi da zare ba ya zama wuri ɗaya, don haka ba zan ba ki adadi ba. Ki rubuta awannin da kika yi, domin su ne kuɗin, ba ƙyallen ba. Mai saye zai ce ai guntaye ne. Ki juya masa bayan bargon ya ga ɗinkin, ki faɗa masa kwana nawa ya ci.

Da wanne zan fara?

Na jariri. Murabba'i 42, kowanne inci 6 da rabi, ki bar rubu'in inci na ɗinki a kowane gefe, ya koma inci 6. Jeri 7, kowane jeri guda 6, zai ba ki inci 36 da 42. Rabi atamfa, rabi mara zane, kuma a cikin marasa zanen 21 ki yi aiki a bakwai kawai, ɗaya a kowane jeri. Ki goge kowane aiki ta baya a kan tawul don zaren kada ya kwanta. Idan kin gama, ki wanke shi da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi kafin ki ba kowa, ki shanya a inuwa, sannan ki kawo mini shago mu duba mahaɗun tare.